Zaɓin Allah da Zaɓin Mutum a Harshen Ibraniyawa

Wata ranar Laraba da yamma muna zaune a tsakar wani gida a unguwar Ɗan Iya, cikin birnin Bauchi, muna karatun Littafin Joshuwa, sai magana biyu suka taso a zama ɗaya. Ta fari labari ne da wani dattijo ya kawo, na wani saurayi da aka ba shi ajiyar kuɗin ƙungiya, ya cinye. Da dattawa suka kira shi bai yi musu ba, bai kuwa nemi gafara ba, sai ya ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta wa mutum ba ya kankaruwa. Ta biyu tambaya ce daga bakin wata gwauruwa wadda ɗanta ya bar hanya shekara shida. Ta ce, "Malam, in Allah ya riga ya zaɓi nasa tun fil azal, ina amfanin addu'ar da na ke yi wa yaron nan dare da rana? In yana cikin zaɓaɓɓu zai komo ko ban roƙa ba. In kuwa ba ya ciki, wahalar banza na ke yi."

Saurayin ya mai da zaɓin Allah wurin ɓuya, ita kuwa uwar ta ga ya zama mata katanga. Amma tunaninsu ɗaya ne: in Allah ya zaɓa, to, mutum ba shi da sauran zaɓi. Bari mu ɗauki wannan tunani mu kai shi gaban kalmomin da Musa da annabawa suka yi aiki da su, mu ga ko zai tsaya. Ya kamata kowa ya buɗe Littafinsa yana dubawa, gama ba zan kwafo ayoyin a nan ba, ma'anarsu kaɗai zan faɗa.

Abu na fari da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a cikin Tsohon Alkawari duka babu kalmar da za a juya a ce "'yancin zaɓi". Malaman Yahudawa na baya ne suka ƙago sunan abin. A cikin Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, an yi aiki da kalmar reshut, watau izini ko iko. Daga baya kuma aka shiga cewa behira, har yau ma mutanen Isra'ila suna kiran zaɓen gwamnati behirot, kamar yadda mu ke cewa "zaɓe". Annabawa kuwa ba su zauna suna auna wani abu mai suna 'yanci ba. Aikatawa su ke faɗi: wane ya zaɓa, wane ya ƙi, wane ya yarda, wane ya taurare. A nan Ibraniyanci da Hausa sun yi kama ƙwarai, kuma wannan ya sauƙaƙa wa masu juyi aiki tun daga juyin 1932 har zuwa na 1979.

Babbar kalmar ita ce bahar. Ta fito wajen sau 170. Kada a gama ta da "bahar" na Bahar Maliya, wanda Larabci ne, ma'anarsa teku, ko da shi ke baƙaƙensu uku iri ɗaya ne. Abin dariya ma, a Fitowa 15:4 an ce mibhar na sarakunan yaƙin Fir'auna, watau zaɓaɓɓunsu, su ne suka nutse a Bahar Maliya.

Asalin bahar shi ne a duba abu da kyau, a gwada shi, kāna a fifita shi bisa waninsa. Ku tuna da mace a kasuwar Wunti tana sayen tukunya. Ba ta ɗaukar ta farko da hannunta ya taɓa. Sai ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kasa kunne ta ji ko akwai tsaga, ta ajiye, ta ɗauki wata. Wannan shi ne bahar. A harshen Suriyanci, ɗan'uwan Ibraniyanci, kalmar tana nufin gwadawa kai tsaye. Akwai ma wata aya, Ishaya 48:10, inda Allah ya ke maganar tanderun wahala, har masu juyi suka rabu, waɗansu suka sa "zaɓa", waɗansu "gwada". Naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947, yana da bahan a wurin, watau gwadawa. Haka kalmomin biyu su ke kusa da juna.

Da wannan ma'ana Dawuda ya zaɓi duwatsu biyar masu sulɓi a rafi (1 Sama'ila 17:40), Musa ya zaɓi mutane masu iyawa su taimake shi shari'a (Fitowa 18:25), mai sassaƙa gunki ma ya kan zaɓi itacen da ba ya ruɓa (Ishaya 40:20). Saurayi majiyi ƙarfi a kan ce da shi bahur. Mutanen Bauchi sun san irin wannan zaɓi a tarihinsu. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba Malam Yakubu tuta, ba don dangantakar jini ya ba shi ba, gama Yakubu daga Gerawa ya fito. Almajirinsa ne, ya daɗe yana ganin halinsa. Yakubu kuwa ya kafa wannan birni a 1809, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1845. Malami ya duba, ya gwada, ya ga cancanta, ya zaɓa. Iyakar abin da ɗan Adam zai iya ke nan, in ya yi da kyau.

Amma ba kullum ya ke yi da kyau ba. A cikin Littafin Farawa duka, sau biyu kaɗai aka yi aiki da aikatau bahar, ba kuwa Allah ne mai zaɓen ba ko sau ɗaya. A 6:2 'ya'yan Allah suka ga 'yan matan mutane kyawawa ne, suka auri waɗanda suka zaɓa. Abin da ya biyo baya Ruwan Tsufana ne. A 13:10-11 Lutu ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun kore shar, ruwa ko'ina, ya zaɓar wa kansa. Abin da ya biyo baya Saduma ce. A wurare biyun nan "gani" ne ya riga "zaɓa". Mu kan ce wane ya yi zaɓen tumun dare, muna nufin duhu ne ya cuce shi. Lutu kuwa da rana tsaka ya yi nasa, idonsa biyu, kawunsa Ibrahim ya ba shi fili ya zaɓa ba mai matsa masa. 'Yanci cikakke ya samu, bai kuwa cece shi ba. Ashe ba rashin 'yanci ba ne babbar cutar ɗan Adam. Idon da ya ke zaɓe da shi ne ba shi da lafiya.

Yanzu mu juya ga zaɓin Allah. Kalmar ɗaya ce, bahar, amma ga abin da ya faru da ita a Maimaitawar Shari'a 7:6-8, littafin da tsohon juyi ya kira Kubawar Shari'a. Musa ya gaya wa Isra'ila Ubangiji ya zaɓe su daga cikin dukan al'ummai. Mai sauraro Ba'ibrane zai jira ya ji abin da aka gani a wurinsu, gama ba a bahar sai an duba. Sai Musa ya ce ba don yawansu ba ne, su ne ma mafi ƙanƙanta. A sura 9:4-6 ya ƙara cewa ba don adalcinsu ba ne, gama masu taurin kai ne. To, don me? Amsar da ya bayar ita ce, don Ubangiji ya ƙaunace su, don kuma rantsuwar da ya yi wa kakanninsu. Kamar a ce mai sayen tukunya ta ƙwanƙwasa, ta ji tsagar sarai, ta biya kuɗi ta ɗauka. Dalilin zaɓen ba ya cikin tukunyar. Yana cikin mai saye.

Musa ya sa wata kalma a gefen bahar a nan, wadda na ke so ƙwarai, ita ce hashak. Ita ce aka yi aiki da ita a Farawa 34:8 a kan saurayin da zuciyarsa ta manne wa budurwa, daga tushenta kuma aka sami sunan maɗauran azurfa da ke haɗa ginshiƙan farfajiyar alfarwa (Fitowa 27:10). Mannewa ce, ɗaurewa ce. Kowane dattijo da ya taɓa ƙoƙarin raba saurayi da yarinyar da ya ƙwallafa wa rai ya san hujja ba ta aiki a wurin. Da irin wannan kalma mai zafi Littafi ya kwatanta zaɓin Allah. Wanda ya ɗauki zaɓin nan kamar alƙalami da ya bushe a bisa allo, ba ruwansa da kowa, bai ji Ibraniyancin ba.

Sai kuma yada, watau sani. Inda mu ke sa ran Farawa ya ce Allah ya zaɓi Ibrahim, cewa ya yi Allah ya san shi (18:19). Sai can a Nehemiya 9:7 aka ce ya zaɓe shi. Ayar Farawa ta kuma faɗi abin da aka san shi dominsa: ya umarci gidansa su yi adalci da gaskiya. Amos ya ɗauki wannan kalma ya yi wa Isra'ila bulala da ita. A 3:2 Allah ya ce su kaɗai ya sani cikin dukan kabilan duniya, saboda haka zai hukunta su a kan laifofinsu. Ku lura da "saboda haka" ɗin nan. Mutanen Samariya suna tsammani zaɓi laya ce da ke tsare su daga hukunci. Annabin ya ce zaɓin ne ma ya sa za a fara da su. Ɗan gida a ke tuhuma in kaya ya ɓace a ɗaka, ba baƙo mai wucewa ba. A nan kafar saurayinmu mai cin kuɗin ƙungiya ta fara toshewa, gama a bakin annabawa zaɓin Allah bai taɓa rage wa kowa alhaki ba. Ƙara masa ya ke yi.

To, yaya zaɓi biyun nan su ke zama tare? Labarin Saul ne ya fi nuna mana. A 1 Sama'ila 8:18 Sama'ila ya gargaɗi jama'a za su yi kuka saboda sarkin da suka zaɓar wa kansu. A 10:24 Sama'ilan nan ya nuna Saul ya ce ga wanda Ubangiji ya zaɓa. A 12:13 ya sāke cewa ga sarkin da kuka zaɓa, a cikin ayar kuma ya ce Ubangiji ne ya naɗa shi. Mutum ɗaya, aikatau ɗaya, baki ɗaya ne ya faɗa, marubucin kuwa bai tsaya ya ba da haƙuri ko ya daidaita ba. Bai ga saɓani ba. Mu ma ba mu gani a maganarmu ta yau da kullum. Sa'ad da Sarkin Bauchi Alhaji Sulaimanu Adamu ya rasu a 2010, masu zaɓen sarki suka yi aikinsu, gwamnati ta tabbatar, aka naɗa ɗansa Alhaji Rilwanu. Kowa ya san mutane ne suka zauna suka yi shawara, duk da haka kowa ya ce Allah ne ya ba shi, ba wanda ya ji ya yi ƙarya. Kalmarmu "ƙuri'a" ma tana ɗauke da abu biyun nan. Da can ƙuri'a ita ce abin da a ke jefawa don a bar wa Allah hukunci, kamar yadda aka yi a Mizfa har ta faɗa a kan Saul. Yau ita ce takardar da mutum ya ke dangwalawa don ya nuna nasa ra'ayi.

Amma akwai wani bambanci da ba a gani sai an kawo kishiyar bahar, watau ma'as, ƙi ko yasarwa. A 1 Sama'ila 15:23 da 26 an gaya wa Saul, tun da ya ƙi maganar Ubangiji, Ubangiji ya ƙi shi da sarauta. Yusha'u 4:6 ya faɗi irin wannan ga firistoci: sun ƙi sani, an ƙi su. A Ishaya 66:3-4 bahar kanta aka juya haka: sun zaɓi hanyoyinsu, Allah kuma zai zaɓar musu wahala. Ko a Zabura 78, inda aka ce Allah ya ƙi alfarwar Yusufu ya zaɓi Yahuza da Sihiyona da Dawuda, ayoyin da suka gabata sun riga sun lissafta tayarwar mutanen. Abin da na ke gani ke nan bayan shekaru ina bin kalmomin nan aya aya: wajen zaɓa, Allah ne ke fara taku, ba a kuwa ba da dalili daga wurin mutum, wajen ƙi, kusan kullum mutum ne ke farawa, ana kuwa faɗin dalilin filla filla. Ma'aunin bai daidaita ba, kuma da gangan ne. Wanda ya tsira ba shi da abin fahariya, wanda ya hallaka ba shi da wanda zai ɗora wa.

Na ce "kusan kullum", gama akwai Fir'auna, ba kuwa zan ɓoye shi ba. An yi aiki da aikatau uku a kan zuciyarsa: hazak, ƙarfafawa, kabed, nauyayawa, kasha, taurarawa. Tun a Fitowa 4:21 Allah ya gaya wa Musa zai ƙarfafa zuciyar Fir'auna. Amma in aka bi labarin, cikin annoba biyar na fari ko dai an ce zuciyarsa ta yi tauri, ko kuwa shi da kansa ya nauyaya ta (8:15, 32). Sai a annoba ta shida, a 9:12, aka fara cewa Ubangiji ne ya yi. Bayan ta bakwai ma an sāke cewa Fir'auna ya ƙara zunubi ya nauyaya zuciyarsa (9:34), a 10:3 kuma aka tambaye shi har yaushe zai ƙi ƙasƙantar da kansa. Ba a yi wa dutse irin wannan tambaya. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na uku, ya kawo misalin rana, wadda ke narkar da wani abu ta taurara wani. Mu ce rana ɗaya ke narkar da man shanu ta busar da tubali. Misalin yana da amfani, amma bai ƙare maganar ba, gama Littafi bai ce Allah ya haskaka kawai ba, ya ce ya aikata. Abin da za mu iya riƙewa shi ne, ba a taɓa nuna mana Fir'auna yana so ya tuba ana hana shi ba. An ƙarfafa shi ne a bisa hanyar da ya riga ya kama tun ranar da ya ce bai san Ubangiji ba (5:2). Wannan abin tsoro ne, ba abin fakewa ba.

Akwai wata ƙaramar kalma da ke faɗin gaskiya mai ɗaci a kanmu, ita ce aba, yarda. Ta fito fiye da sau 50, amma duka da "ba" a tare da ita, ba su yarda ba, bai yarda ba, sai wuri biyu rak. Ɗaya a Ayuba 39:9, inda a ke tambaya ko ɓauna za ta yarda ta yi wa mutum bauta, amsar kuwa a'a ce. Ɗayan a Ishaya 1:19, inda Allah ya ce in sun yarda suka yi biyayya za su ci albarkar ƙasa. Ashe duk tsawon Tsohon Alkawari, in an ambaci yardar mutum, yawanci labarin rashinta a ke bayarwa. Duk da haka ƙofar Ishaya a buɗe ta ke, "in" ɗin nan kuwa ba wasa ba ne.

Yanzu sai mu koma ga surar da mu ke karantawa a Ɗan Iya a ranar, Joshuwa 24. Aya ta 15 sananniya ce, a kan gan ta rataye a bangon gidaje da yawa. Amma kaɗan ne suka lura da abin da aka ce a zaɓa. Joshuwa ya riga ya umarce su a aya ta 14 su bauta wa Ubangiji. Sa'an nan ya ce in sun ga hakan bai gamshe su ba, to, su zaɓa tsakanin gumakan kakanninsu na hayin Kogin Yufiretis da gumakan Amoriyawa. Watau bai jera Ubangiji a kan tabarma tare da gumaka kamar hajar kasuwa ba. Ya ɗauki aya 12, daga ta 2 zuwa ta 13, yana lissafta abin da Allah ya riga ya yi: ya ɗauko Ibrahim, ya aiki Musa, ya fisshe su, ya ba su ƙasar da ba su yi wahalarta ba. Wanda ya bar wannan, shi ne zai shiga ruwan ido a cikin gumaka. Da jama'a suka amsa za su bauta wa Ubangiji, sai Joshuwa ya ce ba za su iya ba (aya 19). Wane mai wa'azi ne a cikinmu zai yi haka ga masu ɗaga hannu? Da suka nace, sai ya ce su ne shaidu a kan kansu cewa sun zaɓi Ubangiji (aya 22), da kalmar bahar. Zaɓinsu na gaske ne, har ya isa a kafa dutse domin shaida a kansa. Amma amsa ce ga wanda ya riga ya kira.

Haka abin ya ke ko'ina. Maimaitawar Shari'a 30:19 ta sa rai da mutuwa a gaban jama'a ta ce su zaɓi rai. Aya ta 6 ta surar nan kuwa ta riga ta ce Ubangiji ne zai yi wa zuciyarsu kaciya don su ƙaunace shi, alhali a 10:16 su aka umarta su yi wa zuciyarsu kaciya. Ezekiyel 18:31 ya ce su yi wa kansu sabuwar zuciya, 36:26 ya ce Allah ne zai ba su. Ga Ba'ibrane, leb, zuciya, ba wurin jin daɗi da baƙin ciki kaɗai ba ce. Nan a ke tunani, nan a ke yanke shawara. Abin da a ke umarta a wannan sura, shi a ke alkawarta a waccan.

In akwai kalmar da ta fi kusa da abin da mu ke kira ganin dama, ita ce nedaba, baiko na yardar rai, wanda shari'a ba ta tilasta ba. Sa'ad da za a yi alfarwa, duk wanda zuciyarsa ta iza shi ya kawo, har masu aiki suka ce ya isa, aka hana mutane kawowa (Fitowa 35:21, 36:5-7). Ba haraji ba ne, ba jangali ba ne. Sa'ad da aka yi irin wannan domin Haikali, Dawuda ya yi murna da yardar ran jama'a, sai kuma ya juya ya ce wa Allah, su wane ne su har da za su iya bayarwa haka, gama daga hannunsa suka karɓa suka mayar masa (1 Tarihi 29:14). A aya ta 18 ya roƙi Allah ya tsare wannan nufi a zuciyarsu. Bai ga cewa taimakon Allah ya rage yardar ransu ba. A Yusha'u 14:4 kuwa Allah ya ɗauki kalmar nan ya sa wa kansa: ƙaunarsa ga masu tayarwa nedaba ce. Shi ne na fari mai ba da baikon da ba wanda ya tilasta masa.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan yadda za a ɗinke abu biyun nan. Agustin da Felajiyus sun yi a farkon ƙarni na biyar, Irasmus ya rubuta nasa a 1524, Luther ya amsa masa a 1525, aka kuma yi babban taro a Dort ta ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun sha tasu muhawara tsakanin Jabriyya da Ƙadariyya, har Imam Ash'ari ya nemi hanyar tsakiya. A cikin ikilisiyoyinmu akwai magadan kowane gefe, ni ma ina da inda na karkata. Amma ba zan ce nazarin kalmomi ya yanke wannan shari'a ba. Ƙamus ba ya yin aikin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya yi shi ne ya rufe ƙofa biyu, su ne kuwa waɗanda saurayin da gwauruwar suka tsaya a bakinsu.

Ga saurayin, babu inda Littafi ya karɓi "an rubuta" a matsayin hanzari. Adamu ya gwada ɗora wa matar da Allah ya ba shi, ba a karɓa ba. Mutanen zamanin Ezekiyel suka fake da karin maganar 'ya'yan inabi masu tsami, cewa laifin iyaye ne ke binsu, Allah ya hana su faɗinta (sura 18). A Ishaya 65:12 ƙarar da aka kai ita ce an kira ba su amsa ba, suka zaɓi abin da Allah ba ya so. Hausawa suna da "rabon kwaɗo ba ya hawa sama", suna kuma da "kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa". Ta fari domin ta'aziyyar wanda ya rasa abin da ba shi da iko a kai ce. Wanda ya sa hannu a asusun jama'a, ta biyu ce tasa, sai ya biya, ya tuba. Ya kamata dattawa su gaya masa haka, su kuma gaya masa cewa da yake zaɓinsa ne, akwai hanyar komowa. Gama ƙaddarar da ya ke fakewa da ita, in da gaskiya ce yadda ya ɗauke ta, da ta rufe masa ƙofar tuba ma.

Ga uwar kuwa, abin da na ce mata a ranar bai kai abin da zan ce yanzu ba. Ba a nuna wa kowa littafin sunaye ba. Asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana shi ne namu (Maimaitawar Shari'a 29:29). Musa ya san sarai Isra'ila zaɓaɓɓu ne, amma da suka yi ɗan maraƙin zinariya bai naɗe hannu ya ce za su tsira ko bai roƙa ba. Zaɓin nan ne ma ya riƙe ya yi roƙo da shi (Fitowa 32:11-14). Akwai kuma wata 'yar kalma da annabawa suka ƙara wa bahar a maganar komowa daga bautar Babila, ita ce od, watau "kuma" ko "sāke". A Ishaya 14:1, da Zakariya 1:17 da 2:12, an ce Ubangiji zai sāke zaɓen Isra'ila da Urushalima. Birnin da ya ƙi, aka ƙi shi, aka rushe shi, shi ne za a sāke zaɓa. Agustin kansa, wanda ya fi kowa ƙarfafa koyarwar zaɓi, ɗan wata mace ne daga Afirka ta Arewa mai suna Monika, wadda ta yi shekaru tana kuka tana roƙo dominsa, har aka yi masa baftisma a Milan a 387, ita kuwa ta rasu a shekarar nan. Bai taɓa cewa hawayenta na banza ba ne. Ya ɗauke su hanyar da Allah ya bi ya kamo shi.

Saura aya guda da na ke so ƙungiya ta duba tare. Zabura 25:12 tana magana a kan mai tsoron Ubangiji, cewa za a koya masa hanya, sa'an nan aikatau bahar ya biyo, ba a kuwa faɗi mai yinsa ba. A nahawun Ibraniyanci yana iya zama hanyar da mutumin zai zaɓa, yana kuma iya zama hanyar da Ubangiji ya zaɓa. Yawancin juyi sun ɗauki na fari. Mun taɓa kwashe rabin yini a teburin juyi a kan wannan, ni da abokan aikina Hausawa, kowa da hujjarsa. Daga bisani wani tsohon malami a cikinmu, wanda bai ce kome ba tun safe, ya lura cewa in aka sa "shi" kawai a Hausa ba a ambaci suna ba, mai karatu zai tsaya daidai inda Ba'ibrane ya tsaya. Muka rubuta haka a takardar gwaji. A karanta zaburar duka da ƙarfi, daga aya ta 4 zuwa ta 14 musamman, kowa ya faɗi wanda ya ke gani shi ne mai zaɓen a aya ta 12, da abin da ya gani a cikin zaburar da ya sa ya ce haka.